Ƙwayoyin Cutar Da Fanisilin Ba Ya Kashewa

A shekarar 1892 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha, Dmitri Ivanovsky, yana binciken wata cuta mai sa ganyen taba ya yi dabbare-dabbare. Ya matse ruwan ganyen da ya kamu, ya tace shi da wani mataci na tangaran wanda ƙofofinsa suka yi ƙanƙanta har babu bakteriyar da za ta iya wucewa. Da ya shafa tataccen ruwan a jikin lafiyayyen ganye, sai shi ma ya kamu. Ashe akwai wani abu mai kawo cuta wanda bai ko kai bakteriya girma ba. A 1898 wani masani na ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya tabbatar da haka, ya kuma laƙaba wa abin sunan bairos. Amma ba a ga siffarsa ba sai a 1939, a Jamus, da taimakon madubin bincike mai aiki da lantarki.

Ƙanƙantar waɗannan ƙwayoyi ta wuce misali. Sai an jera ƙwayar shan-inna fiye da 30,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Bakteriya halitta ce mai cin abinci, mai hayayyafa da kanta. Shi kuwa bairos ba ya ci, ba ya sha, ba ya iya haihuwa sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar mutum ko dabba ko tsiro, ya tilasta mata ta bar aikinta ta shiga ƙera irinsa. Ta wannan hanya mura da ƙyanda da agana da shan-inna suke kama mutum, haka kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969, aka sa masa sunan garin Lassa na ƙasar Barno.

A nan ne mutane da yawa, har da masu ilmin zamani, suke yin kuskure. Akan ga ma'aikaci, da ɗansa ya kama mura, ya garzaya kemis ya sayo kafso, ko ya matsa lallai sai an yi wa yaron allura. To, fanisilin aikinsa shi ne hana bakteriya gina bangon jikinta, ga shi kuwa bairos ba shi da irin wannan bango. Kuɗi sun tafi a banza, bakteriyar da ke jikin yaron kuma tana ƙara sabawa da maganin, ran da za a bukace shi da gaske sai ya ƙi ci. Likita ne kaɗai zai san ko wata cutar bakteriya, kamar ciwon huhu, ta biyo baya.

Akwai magungunan da suke danne wasu daga cikinsu, kamar ƙwayar ƙanjamau, amma babban makami shi ne rigakafi. Da shi aka ga bayan agana: mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta a gari an same shi a Somaliya a 1977, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita. Shan-inna mai yaɗuwa da kanta, a Jihar Barno aka gan ta na ƙarshe a Nijeriya a 2016, aka kuma tabbatar da Afirka ta rabu da ita a watan Agusta na 2020.

Ƙyanda dai tana nan tana kashe yara, alhali kuwa ana yin allurarta kyauta a asibitocin gwamnati da zarar yaro ya cika wata 9.