Lissafin Leza Kafin a Ga Haskenta

Wanda aka yi wa aikin yanar ido, idan ganinsa ya sake dushewa bayan shekaru, likita kan zaunar da shi gaban wata na'ura, ya huda hazon da hasken leza cikin 'yan mintuna. A cikin na'urar akwai ɗan sandan kiristal mai suna YAG, wanda aka cakuɗa wa neodimiyom kaɗan. A Amurka aka fara kunna irinsa, a 1964.

Yaya ake gane ma'adinin da zai ba da leza tun ba a ƙera ta ba? A 1962 Brian Judd da George Ofelt, kowa da nasa aikin, suka fito da hanya: a auna yadda abin ke shan haske, a ciro lambobi 3, daga su a hasashe ƙarfin hasken da zai fitar da daɗewarsa.

Wannan lissafi ya samu kasuwa wurin malaman fiziks na jami'o'in Arewa, musamman waɗanda TETFund ta tura karatu Malesiya. Dalilin a fili yake: yana da araha. Da an samu awon, malami a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa zai iya ƙarasa sauran a kwamfutarsa, ga shi kuma ƙarin girma sai da maƙala. Neman arahar ne ma ya sa akasarinsu gilashi suke narkawa, ba kiristal ba. YAG sai zafi ya haura digiri 1,900 yake narkewa, a tukunyar iridiyom, a yi kwanaki ana jan sa a hankali, wuta ba ta ƙifta ba. Ko a GRA ta Katsina, unguwar manya, janareta da sola ke rufa asiri, balle ɗakin gwaji.

Ribar ba ƙarama ba ce, domin mun samu mutanen da suka san erbiyom, wanda ke ƙarfafa saƙon intanet a wayar faiba. Abin da ke damuna shi ne lissafin bai san zafi ba, bai san dattin da ke shanye haske ba. Sau da yawa abin da takarda ta yaba, in an harba masa haske sai ya ba da kunya, kuma mai hasashen da bai gwada ba ba zai taɓa sani ba.

Neodimiyom ɗin nan kuwa yana cikin monazait na tsofaffin ramukan kuza a Filato, ana fitar da shi ɗanye, China ce ke tace mafi yawan na duniya.