Hoton Cikin Ido: Abin Da Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Sani

'Yar'uwa mai juna biyu, idan kina da ciwon sukari tun kafin ki samu ciki, wataƙila a wajen awo likita ya tura ki sashen ido domin a ɗauki hoton cikin idonki. Mata da yawa sukan ce, "Ni da idona lafiya lau, me za a ɗauka?" Ga dalilin.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai laushi da likitoci ke kira retina, shi ne yake karɓar haske har mu ga abu. Ƙananan jijiyoyin jini sun shimfiɗu a kansa, kuma ta nan ake iya ganin jijiyoyin jinin mutum kai tsaye ba tare da an yanka fata ba. Tun a shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Helmholtz ya fito da na'urar leƙa cikin ido, a 1886 kuma aka fara ɗaukar hoton wurin a Ingila. Amfanin hoto a kan leƙawa shi ne ana ajiye shi, a kwatanta na yau da na wata uku masu zuwa.

Sukari yana cin waɗannan jijiyoyi a hankali. Sukan kumbura, su yi yoyo, wani lokaci su zubar da jini, alhali mai ciwon tana gani garau, ba zafi ba ƙaiƙayi. Juna biyu kuwa yakan sa wannan ɓarna ta yi sauri. Shi ya sa ake so a duba ki tun farkon ciki, a sake a mako na 28. Idan hoton farko ya nuna an fara taɓuwa, akan ƙara dubawa tsakanin mako na 16 da na 20. Abin da aka gano da wuri ana iya tare shi da daidaita sukari da hawan jini, idan ta kama kuma a yi aiki da hasken lesa. Wadda sukarinta ya taso ne a dalilin cikin kawai ba ta cika buƙatar wannan hoto ba, sai dai in likita ya ga dalili.

Wannan hoto ba irin hoton ƙashi ba ne. Haske ne kawai kamar na kyamara, ba ya taɓa abin da ke cikinki. Za a iya ɗiga miki magani don tsakiyar baƙin ido ya buɗe, sai ki ɗora haɓa a kan na'ura, a haska sau ɗaya ko biyu a kowane ido. Bayan haka za ki riƙa gani dishi-dishi na wasu sa'o'i, rana kuma za ta dame ki. Don haka maigida, ranar ba ta tuƙi ba ce, a samo mai raka ta.

Amma idan ciki ya haura wata biyar kika fara ganin walƙiya ko duhu-duhu, ga ciwon kai mai tsanani ko kumburin fuska, kada ki jira ranar hoto. Wannan na iya zama alamar hawan jinin da ke kawo jijjiga. Ki taho asibiti a take, ko da tsakar dare ne.

Akwai kuma hoton da ku kanku kuke ɗauka. Daga ranar suna zuwa yaye ana ta ɗaukar jariri a waya, kowa yana yaba idanunsa. Ni a ganina waɗannan hotuna sun fi ƙarfin ado. Idan an ɗauka da fitilar kyamara, tsakiyar idon yaro yakan fito ja ko baƙi a duka biyun, wannan ba komai. Idan kuwa ido ɗaya yana fitowa fari ko yana ƙyalli kamar na kyanwa da dare, ku kai shi wurin likitan ido a cikin makon. Yana iya zama yana ce, yana kuma iya zama ciwon dajin ido da ke kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, wanda ake warkar da shi idan an zo da wuri. Kada a ɗiga nono ko maganin gargajiya, kada kuma a goge hoton. Ku zo da wayar ku nuna wa likita.