Mai Riƙe da Sandar Makaho, Shi Wa Ke Riƙe da Shi?

Shirinmu na musamman a yau ya nufi ƙasar Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ke bin magudanai yana shayar da shinkafa da tumatir da albasa da alkama. Za mu yi magana ne a kan mutumin da ba a cika tambayar lafiyarsa ba: matar da mijinta ya makance, ɗiyar da ke kula da tsohuwar da yana ta rufe wa ido, yaron da ke riƙe da sandar kakansa. Idan 'yan dubiya suka shigo, tambayarsu ɗaya ce: "Ya jikin Baba?" Ita kuwa wadda ta kwana tana tashi, iyakarta "sannu da ƙoƙari." Ra'ayina shi ne, a gidan da makanta ta shiga marasa lafiya biyu ne, kuma na biyun ya cancanci a duba shi kamar na farkon.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, sama da mutum huɗu cikin kowane ɗari makafi ne, wato fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma Arewa maso Yamma ta fi kowane yanki yawansu. Kusan kowanne daga cikinsu akwai wani a bayansa da ba a ƙidaya ba. A ƙasar Indiya kuwa an ƙidaya. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya bi masu kula da makafi fiye da 500, ya tarar cewa inda mara lafiya ke da sauran gani, kashi 16 cikin ɗari na masu kulawar ne ke fama da ciwon damuwa, amma inda ko hasken rana ba ya gani, adadin ya kai kashi 48. Abin da ya fi nauyi a wuyansu shi ne yawan sa'o'in da dole su sa ido a kan mutum kada ya ji ciwo. Indiya ba Kura ba ce, amma talauci da noma da zaman gandu sun haɗa mu, kuma babu dalilin da zai sa zuciyar Bahaushiya ta zama dutse.

A yankin noman rani, sa idon ya fi na ko'ina wuya. Manomin tudu yana da rani, lokacin da aiki ke lafawa. A nan babu wannan hutu, domin ana kwashe shinkafar damina ana shirya fangalin tumatir da alkama, kuma ranar da ruwa ya zo layinka, ko ka je ko amfanin ya ƙone. Ku dubi matar da ke gumin shinkafa a tsakar gida. Ga ganga a kan wuta tana tafasa, ga shanya a ƙasa, ga maigida da ya saba fita tun asuba yanzu yana zaune a kan tabarma. Ya ce a miƙo buta, ta ajiye mazubi ta kai. Ya miƙe zai kewaya, ta ruga ta tare hanyar murhu. Ya ce zai je masallaci, ta leƙa zaure neman yaro, domin tsakanin gidan da masallacin akwai magudanar ruwa. Da dare kunnenta ɗaya a farke yake. Sannan hannun da ke kawo abinci ya tsaya, sai a ba da gonar jingina ko haya, kuɗin magani kuma ba ya jira. Mai hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, maganin ɗigawa zai yi ta saya har ƙarshen rayuwarsa, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Wani lokaci mai makantar, saboda ɓacin ran halin da ya shiga, kan wadda ta fi kusa da shi yake sauke fushinsa. Ba mugunta ba ce, amma ita ke haɗiyewa.

Wani zai ce, "Ai wannan lada ce, kuma ciwon damuwa cutar Turawa ce, mu haƙuri muka sani." Ladar gaskiya ce, ba na jayayya da ita, zumuncin da ya sa ba ma kai tsofaffinmu gidan ajiya kuwa abin alfahari ne. Amma lada ba ta hana gajiya. Annabi Ya'aƙub, alaihis salam, baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya taɓa shi har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya ce ba shi da haƙuri. Abin da ke faruwa shi ne, namu ciwon ba ya zuwa da sunansa. Mace za ta je asibiti ta ce kanta na sarawa, ƙirjinta na bugawa, barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya mata daɗi, tunani ya yi mata yawa. A yankin da sauro ke kwana a bakin ruwa shekara zagaye, sai a ce zazzaɓi ne, a ba ta magani ta koma. Ta daina zuwa biki da suna, ta daina ado, yara na magana tana yi musu tsawa, sannan ta koma gefe tana zargin kanta da rashin imani. Wannan ciwo ne da ake ganewa, kuma yana da magani.

Wani kuma zai ce, "To, ina likitocin?" Wannan ƙorafi yana da ƙarfi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai yawancin abin da ake buƙata bai kai ga babban likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2008 take da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa da taimakon farko. Mai kula da makaho kuwa ba sai an je nemansa ba, shi ne ke tsaye a bayan kujera duk ranar da aka zo ganin likitan ido. Tambaya biyu ta isa a fara: "Baiwar Allah, ke kina samun barci? Akwai mai karɓar ki?"

Akwai kuma abin da ya fi wannan sauƙi. Binciken nan na ƙasa ya nuna cewa kashi 84 cikin ɗari na makantar ana iya kauce mata ko warkar da ita, kuma yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43. Aikin cire yana gajere ne, ana yin sa a Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda tun 1943 yake hidima, da Asibitin Makka, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, duk tafiyar da ba ta wuce yini ba daga Kura ko Bunkure. Idan aka lissafa kuɗin aikin, a riƙa lissafa mutum biyu: tsohon da zai koma gona, da yarinyar da za ta koma makaranta. Abin takaici, binciken ya tarar cewa cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 cikin ɗari masu aikin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke, kuma mafi yawansu a makance suka ƙare. Haka nan manomin da ƙaiƙayi ko ganyen shinkafa ya soke wa ido lokacin girbi, ya nufi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗiga masa haɗe-haɗe.

Ƙorafin da ya fi taɓa ni shi ne na masu cewa irin wannan magana za ta sa makaho ya ji shi kaya ne. Wannan tsoro yana da hujja, amma amsarsa tana wajen makahon kansa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, kuma ladani ne, har Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sha barin sa a kan al'amuran Madina. Makarantar Tudun Maliki da ke Kano ta daɗe tana koyar da yara makafi karatu da tafiya da sanda. Babban da ya makance ma yana iya koyo, idan aka daina hana shi motsi don tausayi. A ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi, a bar buta da takalmi a wuri ɗaya kullum, a katange murhu, a bar shi ya ɓare gyaɗa ko ya tsare tireda. Duk abin da ya yi da kansa, mutuncinsa ne ya dawo, mai jinyarsa kuma ta sami sa'ar numfashi.

Saura 'yan uwa da maƙwabta. Waɗanda suka iya tsara layin ruwa tsakanin manoma, kowa da ranarsa, ba za su kasa tsara ranakun jinya ba. Ɗan da ke birni yana aiko kuɗi ya kyauta, amma ya zo ya kwana biyu a wata, matar babansa ta je gidansu ta huta. Limamai su faɗi wannan a huɗuba, ƙungiyoyin manoma su sa shi cikin taronsu. Idan kuwa kuka ji mai jinya ta fara cewa gara ta mutu ta huta, kada a ce mata ta yi istigfari kawai a wuce. A ranar a kai ta Babban Asibitin Kura, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wani kuma ya zauna da Baba har ta dawo.