Tiren talla ya koma cikin waya: yadda mai abinci a Gaya za ta samu masu saye

Duk wanda ya san Gaya kafin watan Yulin 2023 ya san yadda bakin gada yake. Manyan motoci ne jere, sun taso daga Kwatano za su Yamai, direbobi da yaran mota suna zaman jiran takardun duwan kwana biyu, kwana uku. Mai jira kuwa dole ya ci. Da wannan jiran ne mai shinkafa da wake take ciyar da gidanta, haka mai soya kifi, da mai shayi, da mai tsire.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, iyakoki suka rufe. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, hanyar Kamba ta buɗe, amma gadar Malanbil ta ci gaba da zama a rufe, mutane suka koma ƙetare kogi da jirgin ruwa. Motocin da babu su ba sa cin abinci. Mata da yawa suka rage tukunya, wasu suka kife ta gaba ɗaya.

Tun lokacin, tambaya ɗaya ke yawan zuwa mana daga masu saurare: waɗannan matan da muke gani a waya suna girki, ta ina suke samun kuɗi, kuma mu ma za mu iya? Amsar ita ce e, za ku iya, amma ba ta hanyar da yawancin mutane ke zato ba. To, ku gyara zama.

Kamfanin ba zai biya ki ba, mai saye ne zai biya

Mu fara da cire wani zato. Ana cewa da zarar ka sa bidiyo mutane suka kalla, kuɗi za su fara shigowa. Ba haka abin yake ba. YouTube, alal misali, kafin ya raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara ɗaya, kuma ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin ba. Wadda ta sayi forfe tana jiran wannan kuɗin, za ta daɗe tana jira.

Abin da waya za ta yi miki shi ne aikin da tiren talla yake yi: ta kai labarin abincinki inda ƙafarki ba ta zuwa. Saboda haka kafin ki ɗauki hoto ko ɗaya, ki tambayi kanki: wa nake so ya saya?

A nan Gaya masu saye iri uku ne. Akwai na cikin gari: ma'aikata, malaman lakwal, ƴan kasuwa da ba sa iya barin shago da rana. Akwai na nesa kaɗan, Dosso da Yamai da Kamba, masu son kayan da ba sa lalacewa a hanya. Sai na uku, waɗanda aka fi mantawa da su: ƴan uwanmu da ke Lome, Akara, Abijan, Legas, Saudiyya ko Faransa. Su ba lallai abincin ya je musu ba. Ɗa yana Abijan, mahaifiyarsa tana Tanda ko Bengu, yana son a kai mata abin buɗa-baki cikin azumi, ko a yi girkin sunan ɗan ƙanensa. Abin da yake nema shi ne wadda zai tura wa kuɗi ya kwanta da hankalinsa.

Fara da abin da ke hannunki

Ba sai kin buɗe shafi biyar ba. WhatsApp ya isa a fara, don shi ne kowa ke da shi, har wanda bai yi boko ba. Hoton da kika sa a sitati yana ɗaukar awa 24 kafin ya ɓace, kuma sai wanda kuke da lambar juna ne zai gani. Ke nan aikin farko shi ne tara lambobi: duk wanda ya saya, ki roƙe shi ya ajiye lambarki, ke ma ki ajiye tasa. Akwai kuma WhatsApp Business, kyauta ne, yana ba ki damar jera kayanki da hoto da farashi kamar kanti.

Wajen hoto, hasken rana ya fi kowace fitila. Ki fito tsakar gida da hantsi, ki goge idon kamara da gefen zane, ki zuba abincin a kwano mai tsabta. A duba bayan hoton: bokitin wanke-wanke da kaji masu yawo suna kore ciniki. Kuma kada ki ɗauko hoton wata a intanet ki ce naki ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da aka kawo kwano aka ga bambanci, kin rasa mai saye har da danginsa.

Sannan lokaci. Idan kin saba sa hoton abin da za ki dafa da ƙarfe tara na safe, to kullum ya zama ƙarfe tara. Mutane su san cewa kafin sha ɗaya ake yin oda, ƙarfe ɗaya mai kabu-kabu zai kawo. Wadda ke fitowa yau ta ɓace sati biyu, mantawa ake yi da ita.

Girki kai tsaye: gani ya kori ji

Shirin kai tsaye, wanda yara ke ce wa "layif", shi ne ki kunna kamara mutane suna kallonki a daidai lokacin, suna tambaya kina ba su amsa. Facebook yana ba da dama, TikTok kuwa sai mutum ya kai shekara 18, kuma galibi sai ya tara mabiya kamar 1,000.

Girki abu ne da mutane ke son kallo. Tashar Arewa24 ta Kano ta daɗe tana nuna shirin Akushi Da Rufi, kuma mata da yawa a nan sun san shi. A watan Mayun 2023 wata ƴar Najeriya, Hilda Baci, ta yi girki na awa 93 da minti 11 a Legas, ta shiga kundin Guinness, jama'a suna bin ta a waya dare da rana. Mu ba gasa muka fito ba. Minti goma sha biyar sun isa.

Amfanin kai tsaye shi ne ba a iya ɓoye komai. Mai kallo a Yamai zai ga kifin da aka ciro daga kogi yau, ya ga ruwan da aka wanke shi, ya ga man da aka soya shi. Wannan ganin shi ke sa ya tura kuɗi. Ki jingina wayar da wani abu don kada ta yi rawa, ki nisantar da ita daga hayaƙi da zafin murhu, ki gwada rezo a wurin tun kafin ki fara. Kai tsaye yana shan forfe sosai, don haka sau ɗaya a sati ya wadatar. Sauran ranaku gajeren bidiyo na minti ɗaya.

Ki kuma yi lissafin agogon masu kallo. Mu da Najeriya da Benin agogonmu ɗaya ne. Ghana, Togo da Kodebuwa suna bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Niyok kuwa tana bayanmu da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara. Ƙarfe tara na dare a Gaya, sha ɗaya ne a Makka.

Wata za ta ce, ni maigida ba zai yarda fuskata ta fita duniya ba. Wannan magana ce da za a zauna a yi ta a gida tun farko, kuma tana da mafita: hannu da tukunya da murya sun isa. Mai saye miya ya zo gani. Haka nan kada a ɗauki kishiya, ko maƙwabciya, ko yaran mutane ba da izini ba.

Podkas: rediyon da ba ya wucewa

Nan ne fagenmu. Podkas shiri ne na murya da ake ajiyewa a intanet, mutum ya saurara lokacin da ya ga dama, ya maimaita in yana so. Wanda ya taɓa sauraren shirin Studio Kalangou a waya bayan an gama watsa shi, to ya riga ya san podkas ko da bai san sunan ba. Kuma saƙon muryar da kuke tura wa juna kullum ƙanensa ne.

Murya tana da fifiko biyu a wurinmu: ba ta cin forfe kamar bidiyo, kuma ba ta neman wanda ya iya karatu. Inna da ke ƙauye za ta ji, direban da ke kan hanya zai ji.

Ga yadda muke yi a gidan rediyo, ke ma za ki iya. Ki shiga ɗaki mai katifa da labule, don su ke shanye amsa-kuwwa. Ki kashe fanka. Waya ta yi nisan taƙi ɗaya da bakinki. Ki faɗi sunan sana'arki a farko, ki faɗe shi a ƙarshe. Tsakani ki ɗauki abu ɗaya tak, minti uku zuwa biyar: yadda ake gane kifin banda mai kyau, yadda ake kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli wanda Zabarmawa ke ce wa kopto, abin da ya bambanta gishirin Foga da na kanti, yadda kaka take dafa muruci. Kada ki ji tsoron koyarwa. Wanda ya ji kin san abin, wurinki zai dawo saye. Kuma Allah ya ba mu arzikin harsuna: wadda ta iya Hausa da Dendi ko Zabarmanci, ta yi da duka biyun, kasuwarta ta ninka.

Maganar kuɗi

A rubuta farashi da lamba. Mu a nan in mun ce dala ɗari, sefa 500 muke nufi, jika ɗaya kuma 1,000. Ɗan da aka haifa a Amurka in ya ji dala ɗari kuɗin kwanon shinkafa, sai ya ajiye waya. Ga mai saye na Kamba kuma, a faɗa masa a fili ko da sefa ne ko da naira, don canjin naira ba ya zama wuri ɗaya. Da Benin babu wannan matsala, kuɗinmu ɗaya ne.

Cikin lissafi a sa kuɗin forfe, da cajin waya, da leda ko roba, da kuɗin mai kabu-kabu. Mata da yawa suna ciniki amma ba riba, don waɗannan ƙananan abubuwa ba sa shiga lissafinsu.

Hanyoyin karɓar kuɗi suna nan: Nita, Amana, Al Izza, Airtel Money da sauransu. Amma a kiyaye abu biyu. Na ɗaya, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Sai kin duba asusunki ko kin karɓa a hannu kafin kaya su fita. Na biyu, duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lamba shida da WhatsApp ya aiko miki, ɓarawo ne, so yake ya ƙwace lambar ya riƙa karɓar kuɗi da sunanki. Ki sa wanda kika yarda da shi ya kunna miki makullin sirri na biyu da ke cikin WhatsApp ɗin.

Abin da ke iya tafiya

Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne, miya ba za ta kai ba. Abin da ke tafiya shi ne busasshe: kifin banda, yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, ƙuli-ƙuli, garin rogo, kilishi. A ɗaure da kyau, a rubuta suna da ranar da aka yi.

Ƴan uwa na Turai, ku ma ga naku: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, ke nan kilishi da cuku za a iya ƙwace su a filin jirgi. Kifin banda an yarda da shi har kilo 20. Ku bincika kafin ku sa a ɗaura muku kaya.

Kuma don Allah, masu banda: kada a fesa wa kifi piya-piya don korar ƙwari. Guba ce, mutum ne zai ci. Haka nan kada a hau waya a ɓata sunan wata mai sana'a. Ƙasarmu tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma ɓata suna yana cikinta.

Abin da muke fata

Jarin wannan sana'a amana ce. Ɗan da ke Abijan in ya tura kuɗi aka kai wa mahaifiyarsa abinci da zafinsa, aka aiko masa da hoto ko muryar tsohuwar tana sa albarka, to gobe shi zai ba abokansa goma lambarki. In aka ci amanarsa sau ɗaya, su goman za su ji.

Akwai kuma wata riba da ba a ƙirga ta da jika. A gidaje da yawa, yarinya ce ke ɗaukar tire tun safe, tana bin tasha da bakin kogi, ƙawayenta suna aji. In oda ta riƙa zuwa ta waya, mai kabu-kabu yana kaiwa, to tiren ya sauka daga kanta, sai ta ɗauki jakar lakwal.

Wadda ta riga ta fara, ta aiko mana da saƙon murya ta faɗa mana abin da ya yi mata daɗi da abin da ya ba ta wuya, mu sa a shiri sauran mata su ƙaru. Ku kuma na nesa, in kun ga hoton girkin wata ƴar garinku, ku tura shi gaba. Allah ya sa albarka a nema.