Maganar da ba ta bi ta baki: alamu da ishara a Birnin Zazzau

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya bi ta Babban Dodo ya nufi fada, in dai mai lura ne, zai ga zance iri-iri da aka ƙulla aka kuma kammala ba tare da wani ya buɗe baki ba. Yaro ya hango dattijo ya sauka daga kan keke. Mace ta kauce gefen hanya ta sunkuyar da kai. Wani ya isa ƙofar zaure ya tuɓe takalmi tun ba a ce masa shigo ba. Mutanen birni sun gaji wannan harshe kaka da kakanni, kuma mu masu bin Almasihu da ke zaune a Wusasa, Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru, muna shiga cikinsu kullum don ciniki, aiki, gaisuwar mutuwa ko barkar haihuwa. Wanda bai iya harshen nan ba yakan ɓata zumunci alhali bai san ya yi laifi ba.

Mu fara da fada, domin a can ne alamu suka fi yawa. Ran Hawan Salla ko Hawan Daushe za ka ga hakimi da jama'arsa sun yo sukuwa a guje, sai sun zo dab da Sarki su ja linzami, kowa ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama. Wannan ita ce jinjina. Baƙon da ya fito daga Kudu ko daga Turai zai iya ɗauka barazana ce, domin a wurinsu dunƙulallen hannu shirin naushi ne. A nan kuwa biyayya ce da miƙa wuya, mutum yana nuna ƙarfinsa na Sarki ne. Shi Sarkin bai cika magana ba. Amawali ya rufe masa baki, ya ɗan ɗaga hannu, dogarai masu ja da kore su amsa a madadinsa cewa Sarki ya gaishe ka. Ƙarancin maganar nan ma alama ce ta girman kujerar.

Naɗin rawani shi ma yana da abin faɗa. Mai kunne biyu na jinin sarauta ne, ba kowa ke yinsa ba, ko da ya fi kowa dukiya a unguwa. Lema ta Sarki ce, haka nan kakaki da tambari. Bisa al'ada, kowane daren Juma'a makaɗa da mabusan fada kan hallara a ƙofar gidan Sarki, kuma mutanen dā in sun ji tambari a ƙarshen azumi sun san an ga wata. Ko a 2020, da aka naɗa Alhaji Ahmad Nuhu Bamalli bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris wanda ya riƙe sarauta tun 1975, bikin da ya tara jama'a na miƙa sanda ne, sanda kuwa ba ta magana.

In an bar fada an shiga lunguna, kalangu na gaya wa mai cefane cewa mahauta sun yi yanka. Guɗa daga cikin gida na shaida wa maƙwabta cewa abin farin ciki ya samu. A aiko maka da goro ko alawa, ka san an gayyace ka suna ko ɗaurin aure, in ka ci ka ƙi zuwa kuma ka ci bashi.

Amma alamun da suka fi shafarmu su ne ƙanana, na fuska da hannu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Uwa takan tsawata wa ɗanta a gaban baƙi da harara ɗaya tak, ya ajiye naman da ya ɗauka. Tagumi damuwa ce, cizon yatsa nadama, riƙe haɓa mamaki, taɓe baki kuwa ko oho. Yaro ya maƙe kafaɗa, ya ƙi ke nan. Maigida ya yi gyaran murya a zaure domin matan gida su kimtsa. Zunɗe, wato nuna mutum da leɓe, na gulma ne, kuma kada mu ɓoye wa kanmu, ana yinsa a cikin majami'a ran Lahadi, musamman in wata ta shigo da sabon zane. Tsaki kuwa ya raba aure da yawa. Littafin Karin Magana sura 6 ya lissafta ƙifta ido da ishara da ƙafa da yatsu cikin halayen mutumin banza, ashe dai abin ba yau ya fara ba.

Akwai alama guda da nake so matasanmu su kula da ita ƙwarai, ita ce daƙuwa. Buɗe tafin hannu, a ware yatsu biyar, a miƙa wa mutum, zagin uwa ne a ƙasar Hausa, kuma ana zub da jini a kansa. To ga shi a 'yan shekarun nan matasa sun saba miƙa hannu haka sa'ad da suke yi wa wani addu'a. A cikin taronmu kowa ya san nufinsu. Amma ku duba yadda abin zai zama in ƙungiyar matasa ta je duba maƙwabci Musulmi da ke kwance a asibiti, suka kewaye gadonsa, kowa ya watsa masa yatsu biyar, tsohuwarsa tana zaune tana kallo. Nufin alheri ne, amma abin da idonta ya gani daban. Shawarata ita ce a haɗa hannu, ko a buɗe tafi yana duban sama, Ubangiji ba zai kāsa ji ba. Haka batun hagu yake. Kada a miƙa wa babba kuɗi, abinci ko Littafi Mai Tsarki da hagu, in dama na riƙe da kaya a ajiye tukuna.

Sai kallon ido. Wasu malaman makaranta sukan matsa wa yaro ya dube su ido cikin ido, in ya ƙi su ce ƙarya yake yi. A gidajen birni kuwa yaron da ya ƙura wa babba ido shi ne marar kunya. Yaro ɗaya, ana dukansa a gida don ya kalla, a makaranta don ya ƙi kallo.

Tambayar da ake yawan yi mana a ajin baftisma ita ce, ko ya halatta mai bi ya durƙusa wa Sarki ko wa surukinsa? Wasu sukan kawo labarin Shadrak, Meshak da Abednego a Daniyel sura 3. Amma waɗancan gunki aka ce su yi wa sujada. Ibrahim ya rusuna wa Hittiyawa da yake neman wurin binne Saratu, a Farawa sura 23, Yakubu kuma ya rusuna sau bakwai a gaban wansa Isuwa a sura 33, ba wanda ya ce sun yi shirka. A ɗaya gefen, da Karniliyas ya fāɗi a ƙafafun Bitrus, sai Bitrus ya tashe shi, domin ya ga abin ya wuce gaisuwa. A ganina ke nan durƙuson gaisuwa ladabi ne, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Saurayin da ya je neman aure ya tsaya ƙiƙam ya miƙa wa uban yarinya hannu, yana cewa wai shi ɗan Allah ne, rashin tarbiyya ya nuna, kuma sunan ikilisiya ya shafa wa baƙi. Iyayenmu na farko sun fi mu gane wannan. Da mishan ɗin da Likita Mila ya kafa a cikin birni a 1905 ya koma Wusasa a 1929, majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa, domin duk wanda ya gan ta ya san ta 'yan ƙasa ce.

Akwai kuma waɗanda ishara ita ce harshensu baki ɗaya, wato kurame. Hausawa suna da tasu maganar hannu tun dā, wadda kurame da masu ji suke yi a kasuwa da majalisa. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano, ta wallafa littafi a kanta a 2000. Ita kuwa wadda ake koyarwa a yawancin makarantun kurame, tushenta Amurka ne. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, kurma kuma mai bishara, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, ɗalibansa suka bazu da irin tasa. Saboda haka ba lallai ne kurman da ya tashi a gida bai je makaranta ba ya gane tafintan da ya koyo ta makaranta.

Wannan ya dame ni a matsayina na mai koyar da masu neman baftisma. Zakariya, mahaifin Yahaya Maibaftisma, ya yi wata tara ba ya magana, da ishara ya sanar da jama'a abin da ya gani a Haikali, da allo kuma ya raɗa wa ɗansa suna, kamar yadda Luka sura 1 ta nuna. Amma a ikilisiyoyinmu da yawa kurma yakan zauna a bencin baya shekara da shekaru, ya tashi in an tashi, ya zauna in an zauna, ba a taɓa tambayarsa abin da ya gaskata ba, ba a kuma taɓa ba shi Jibin Ubangiji ba. Kusan kowane kurma yana da ƙane ko aboki da ke jin hannunsa sarai. Ina roƙon dattawan kowace ikilisiya su nemo wannan mutum, a zaunar da su biyun a gaba inda akwai haske, a kuma rubuta sunan kurman cikin ajin baftisma na bana.