Hakin gidan maƙwabci: a yi magana kafin a yi ƙara

Idan damina ta zauna, daga Yuli zuwa Satumba, ƙararraki kan yi yawa a ƙofar mai unguwa. Da yawa daga cikinsu a kan haki ne. Wannan ya ce kangon maƙwabcinsa ya zama daji. Wancan ya ce gidansa ne, ba mai gaya masa abin da zai bari ya tsiro a ciki. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Bahaushe.

Abin da muka gani da idonmu

Wata damina mun je duba ajin yaƙi da jahilci a wani gari na jahar Maradi. Muka tarar ɗalibai biyu ba sa gaisawa. Ɗaya tela ne, ɗaya kuwa dattijuwa ce da mijinta ya rasu, ɗanta kuma ya tafi biɗa Abijan. Danga ɗaya ta raba gidajensu. Ɗiyar tela ta kwana huɗu a gidan likita da masassarar cizon sauro, shi kuwa ya ɗora laifin a kan hakin da ya rufe bayan ɗakin dattijuwar.

Muka bi su wurin mai unguwa. Tela ya ce: "Ranka ya daɗe, sauron da ya kwantar mini da yarinya daga gidan Inna yake fitowa." Dattijuwa ta ce: "Ɗana, tafasar nan ita ce kwaɗona, hakin nan shi ne abincin akuyata. In na nome, kai za ka ciyar da mu?"

Mai unguwa bai yanke hukunci a zaune ba. Ya kira malamin asibiti, aka zagaya gidajen biyu. A gidan dattijuwa an ga haki har gwiwa, amma ƙasa busasshiya. A ƙofar gidan tela kuwa akwai ramin da ya haƙa ya buga tubali, cike da ruwan sama. Malamin ya ɗebo ruwan a ƙwarya, kowa ya ga tsutsar sauro tana motsi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Haki ba ya haihuwar sauro

Ya kamata mu riƙe wannan da kyau. Sauro a ruwa yake ƙwai. Mai kawo masassara ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana: ramin tubali, sawun shanu, sawun mota, bakin tabki. Lokacin zafi, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro mai tashi. Akwai wani irin da ke son tsohuwar taya, gwangwani da fasasshiyar tukunya, shi ne mai ɗauko shawara. Haki mai duhu mafakar sauro ce da rana kawai. Wanda ya nome gidansa tas ya bar rami da ruwa, bai yi rabin aikin ba.

Saboda haka a cike ramu da ƙasa, a kife tukwane, a buɗe wuriya ruwa ya wuce. A kwana cikin sange mai magani. Tun 2013 aka soma ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin masassara a watannin damina a Nijar. Idan masu rabo sun zo, kada a ɓoye yaro.

Inda mai ƙara yake da gaskiya

Ba mu ce a bar gida ya zama kurmi ba. Haki mai yawa yana ɓoye ɓeraye, maciji kuma yana bin ɓera. Kububuwa ba ta san iyakar gida ba. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A ɗauke shi zuwa gidan likita nan take.

Bayan damina haki kan bushe a jikin zana. Idan hunturu ya taso, garwashi ɗaya ya isa ya cinye gida uku da rumbunansu.

Sai kuma maganar iri. Ƙarangiya da tsaida suna bin ƙafar yara da gashin bisashe su shiga kowane gida. Garmani, wanda ya mamaye makiyaya da burtali da yawa a jahar Maradi, haka yake yaɗuwa, bisashe kuma ba su damu da cinsa ba. Zaƙami guba ne, bai kamata a bar shi inda yara ke wasa ba. A gona ma haka abin yake. Tushen ƙuduji ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya yin sama da shekara 10 cikin ƙasa yana jiran hatsi. Wanda ya bar ƙuduji ya yi fure a gonarsa, ya shuka wa maƙwabcinsa wahala.

Ba kowane tsiro ne abokin gaba ba

Tafasa, gasaya, lalo, rukuɓu da yaɗiya abinci ne. Su ne ke riƙe gidaje da yawa kafin sabon hatsi ya nuna. Mai su ya ware musu gefe guda, nesa da danga da ƙofar ɗaki, ya share kewayensu. Sauran hakin a yanke shi tun bai yi ƴaƴa ba, a shanya a inuwa, a ɗora bisa rumfa domin ragon kiwo. Abin da bisashe ba sa ci a zuba ramin taki: haki, kashin dabbobi, toka, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku taki ya nuna. Wanda ya riga ya yi iri kada a sa shi ramin.

Muna jan kunne game da maganin kashe haki na kasuwa. Tsakar gida wurin kaji ne da yara da randar ruwa. Iska kan kai feshin kan zogalen maƙwabci, sabuwar rigima ta tashi. Hauya ta fi shi aminci.

Yadda aka rabu

Tun 1993 Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a, sarakunan gargajiya kuma suna da hurumin sasanta mutane. Amma ƙara ita ce matakin ƙarshe. Ka fara zuwa da kanka, ka yi sallama, ka tambayi dalili. Sau da yawa ba ƙeta ba ce, rashin ƙarfi ne: tsufa, ciwo, ko mai gida ba ya gari.

Haka aka gano a wancan gari. Dattijuwar ba ta iya duƙawa da hauya. Ranar Juma'a da safe ɗaliban ajin suka yi gayya. Aka nome jikin danga taku uku, aka bar mata tafasarta, aka tara wa akuya haki. Daga nan aka wuce ƙofar tela aka cike rami. Da muka koma bayan wata guda, mun tarar tela ne ke karanta mata wasiƙar ɗanta.

Malaman aji, ku karanta wannan shafi tare da ɗalibanku, sa'an nan kowa ya zagaya gidansa kafin ya leƙa na maƙwabci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.