Ko Ka Sani? Ciyawar Ruwa Mai Ɗana Tarko

Ko ka san akwai ciyawar da ba ta da saiwa ko ɗaya, kuma farauta take yi? Masana tsirrai suna kiranta Utricularia. Danginta sun haura 200. Peter Taylor na lambun tsirrai na Kew a Ingila ya lissafa 214 a littafinsa na 1989. Wasunsu suna nan cikin tafkuna da kududdufan Afirka ta Yamma, a tsakanin bado da kainuwa, mutane suna wuce su suna zaton gansakuka ce.

A jikin zaren ganyenta akwai 'yan jakunkuna, yawanci ba su wuce ƙwayar gero ba. Kowace jaka tana da ƙofa da 'yan gasu a bakinta. Jakar kan tatse ruwan cikinta waje har gefunanta su lotsa, ta tsaya a ɗane. Da ƙaramin ƙwaron ruwa ko tsutsar sauro ta shafi gashin nan, sai ƙofa ta buɗe, ruwa ya zuƙe ta ciki, ƙofa ta koma ta rufe. Zuƙewar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Daga nan sai narkarwa, sai a sake ɗanawa.

Wahalar tana wajen tantance jinsunan ciyawar. A cikin ruwa duk kusan kamarsu ɗaya, kuma ganyen yakan sauya fasali gwargwadon zurfi da haske. Fure ne ke raba gardama. Dubi jinsunan vulgaris da australis, waɗanda suka daɗe suna rikita masana a Turai: dukansu furensu rawaya ne, amma leɓen ƙasa na furen vulgaris gefunansa sun lanƙwasa ƙasa, na australis kuwa a shimfiɗe yake. Ƙari kuma, australis da wuya ta yi iri. A nan yankinmu, stellaris da inflexa kowacce tana da 'yan tulluna masu iska kewaye da sandar fure, su ke riƙe ta a saman ruwa. Na inflexa suna can gindin sandar, na stellaris sun fi hawa sama. Idan babu fure, sai a tsaga jakar a duba da madubin ƙara girma, domin a cikinta akwai wasu gasu masu hannu huɗu, yadda suka buɗe yakan nuna jinsin. Aiki ne na mai haƙuri, kuma a ganina wanda ya raɗa wa ciyawar nan suna daga kallon ganye kawai ya yi gaggawa.

To, yaya za a sa ta yi fure? Rana take so sosai, da ruwa mai ɗumi wanda ba ya gudu. Ruwan sama ya fi mata. Taki kuwa illa ne: yana kawo gansakuka ta lulluɓe ta har ta mutu. Jinsin gibba, idan aka bar ta tana yawo a ruwa mai zurfi, tana iya daɗewa ba fure. A rage ruwan har zarenta ya kama laka, sai ka ga sanduna sun miƙo.

Saboda haka ƙarshen damina, lokacin da kududdufai suka fara janyewa, ka duba bakin ruwa da kyau. Idan ka ga ɗan fure rawaya a tsaye bisa siririyar sanda, ka ɗauki hotonsa ta gaba da ta gefe kafin ka taɓa shi.